Masu Narka Kuza na Riruwai: Gwanayen da Suka Mayar da Yashi Farin Ƙarfe

A tsakiyar shekarun 1880, wani Bature mai suna William Wallace, wakilin kamfanin da daga baya aka sani da Royal Niger Company, ya ga wata haja a kasuwannin bakin kogin Binuwai wadda ta tsaya masa a rai. Wasu siraran sanduna ne na farin ƙarfe, tsawonsu kamar ƙafa guda, kaurinsu na tsinken ciyawa, an ɗaure su dami-dami. Ƙarfen kuza ne tatacce, fatake Hausawa suka sauko da shi daga arewa. Wannan haja ce ta sa kamfanin ya shiga neman inda take fitowa, har ya tura George Nicolaus a 1902, sannan H. W. Laws ya hau duwatsun Jos a 1903. Daga nan aka buɗe haƙar kuza ta zamani, wadda ta raini garin Jos, ta kuma jawo masa jirgin ƙasa daga Zariya a 1914.

Littattafan makaranta sukan ɗauko labarin daga zuwan waɗannan Turawa, su tsallake hannun da ya ƙera sandunan. Hannun mutanen Riruwai ne, garin da a yau yake hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, da 'yan'uwansu da suka yi ƙaura suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi. Waɗannan bayin Allah sun laƙanci yadda abu ke sauya hali tsakanin daskarewa da narkewa da zama iska, sun kuma juya wannan sani ya zama sana'a mai ciyar da gari. Ya kamata mu san yadda suka yi.

Dutsen da ya taɓa zama ruwa

Mai zuwa Riruwai daga Kano zai bi hanyar Zariya ta ƙasar Bebeji, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore. Yana ƙara kudu ƙasa tana ƙara tashi, har ya iske duwatsun da suka fi ko'ina tsayi a Jihar Kano. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, waɗannan duwatsu narkakku ne, suna tafasa a cikin ƙasa. Da suka fara hucewa suka daskare suka tsattsage, sai ruwan zafi da tururi masu ɗauke da ma'adinai suka bi ta cikin tsagogin. Inda suka huce, nan suka ajiye kayansu. Ta haka aka samu wata jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita 5 a Riruwai, ɗauke da kuza da tutiya.

Ruwan damina ya yi ta cin dutsen shekaru aru-aru, yana ɓarɓashe shi yana gangarar da shi cikin rafuka. Ƙwayoyin kuza ba sa tsatsa, ba sa narkewa a ruwa, ga su da nauyi, don haka suka kwanta a gindin ƙoramu a matsayin wani baƙin yashi. Allah ya yi nasa ikon, ya narka dutse ya daskarar da shi. Abin da ya rage ga ɗan'adam shi ne ya gano yadda zai fitar da ƙarfen da ke ɓoye cikin yashin.

Halaye uku na abu guda

Kafin mu shiga wurin aikin, bari mu fahimci abin da ke faruwa can inda ido ba ya kaiwa. Duk wani abu da muke taɓawa an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, ƙanana matuƙa, kuma ba sa daina motsi. Abin da muke kira zafi shi ne ƙarfin wannan motsi. Akwai kuma wani jan juna a tsakanin ƙwayoyin da ke neman riƙe su wuri guda. Halin da abu yake ciki ya danganta ne ga wanda ya rinjayi wani tsakanin motsin da riƙon.

Dubi jama'a a filin Idi. Lokacin da aka tsai da sahu, kowa yana gurbinsa, kafaɗa da kafaɗa, yana numfashi amma bai gusa ba. Haka ƙwayoyin daskararren abu suke, shi ya sa yake da siffa tasa ta kansa. Da an sallame, jama'a na nan a cunkushe, amma kowa na zamewa ta gefen wani, taron yana bin duk inda hanya ta buɗe. Wannan shi ne halin ruwa, wanda ke ɗaukar siffar duk abin da aka zuba shi a ciki. Can an jima kowa ya kama gabansa, an bazu cikin gari, babu mai riƙe da wani. Wannan shi ne halin iska ko tururi.

Kowane abu da iyakarsa. Ƙanƙara na narkewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, ruwa ya tafasa a 100. Dalma na narkewa a 327, alminiyam a 660, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe a 1,538. Shi kuwa ƙarfen kuza a digiri 232 kacal yake narkewa, amma ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen 2,600. Duk aikin mutanen Riruwai a kan waɗannan bambance-bambance ya ginu, ba tare da suna da ma'aunin zafi ko ɗaya ba.

Wanki

Aikin yana farawa a bakin rafi da ƙwarya. A ɗebo yashi, a zuba ruwa, a riƙa juya ƙwaryar a hankali ana karkata ta. Ma'adinin kuza ya ninka ruwa nauyi kusan sau 7, yashin gari kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka ruwa ke kwashe mara nauyi ya zubar ta baki, mai nauyi ya tare a gindi. Abin da sauƙin faɗa, amma idan hannu ya yi garaje, kuza ya bi ruwa. Idan ya yi sanyi, yashi ya zauna. Duk yashin da ya tsira a ƙwarya kuwa sai ya zama nauyi a kan wuta, ya ci gawayi, ya janye wani kaso na ƙarfen. Gwanin wanki shi ne ke rage wa mai tanderu rabin wahalarsa.

Abin da ke faruwa a cikin tanderu

A nan ne gwanintar take. Mai ji daga nesa zai zaci zafafa yashin kawai ake yi har ya narke. Da haka ne, da ba a samu komai ba, domin shi wannan baƙin yashi ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,600, fiye da baƙin ƙarfe. Kuma ko ya narke, ba ƙarfe zai zama ba. Dalili kuwa shi ne, a cikin kowane kilo 100 na tsantsar ma'adinin, kusan kilo 79 ne ƙarfe. Sauran kilo 21 iskar oksijin ce da ta ƙulle da ƙarfen ta zama dutse tare da shi. Sai an raba wannan ƙulli sannan ƙarfe zai fito.

Gawayi ne ke raba shi. Turawan da suka ga aikin da idonsu a Riruwan Dalma a farkon ƙarni na 20 sun bayyana tanderun yumɓu mai faɗin kusan mita guda, da bututan yumɓu a bayansa, da zuga-zugan fata da ake hura iska da su, da wata 'yar magudana a gaba wadda ke gangarawa zuwa wani rami. Ana zuba gawayi da ma'adini, masu zuga su kama aiki. Iskar da ke shiga tana cin gawayi, zafi ya haura digiri 1,000, sai a samu iskar kabon monoksaid, irin wadda ke halaka mutane idan aka kwana da garwashi ko janareta a ɗaki rufe. Wannan iska tana da ƙishirwar oksijin. Tana ratsa ma'adinin sai ta fizge oksijin ɗin da ke jikinsa ta yi sama da shi. Ƙarfen da aka 'yanta ya tsinci kansa a cikin zafin da ya ninka abin da yake buƙata don narkewa sau huɗu ko biyar, don haka nan take ya zama ruwa, ya riƙa tsattsafowa ɗigo-ɗigo ta tsakanin garwashi.

Ka ga halaye uku sun haɗu a tukunya guda: daskararren gawayi da ma'adini, iska mai ɗauke oksijin, da ruwan ƙarfe mai gangarowa. Ragowar yashi da toka su ma suna narkewa su zama wani ruwa mai kauri, wato kashin ƙarfe. Da yake ruwan kuza ya ninka shi nauyi fiye da sau biyu, sai ya nutse ƙasa ya bi magudana, kashin ya tsaya a sama.

Tsakanin nasara da asara tazara kaɗan ce. Idan wuta ta gaza, kashin ba ya tsinkewa, sai ya riƙe ɗigon ƙarfe a cikinsa ya daskare da su. Idan ta wuce kima, baƙin ƙarfen da ke cikin yashin shi ma ya fito ya gauraye da kuza ya ɓata shi, wani kaso kuma ya bi hayaƙi ya tafi. Mai tanderu yana tsaye a tsakanin waɗannan asarori biyu, idonsa ne ma'auninsa. Garwashi mai ja-ja-duhu bai kai ba. Idan ya koma ruwan goro an kusa. Idan ya yi ɗorawa yana neman fari, an shiga gona. Yana sauraron numfashin zuga-zugi, yana duban yadda kashin ke malala, ya ce a ƙara hannu ko a sassauta. Ilimin da injiniya ke karantawa a jikin agogon na'ura, shi a launin wuta yake karanta shi, kuma irin wannan karatu sai an yi shekaru a gindin uba ko maigida ake samunsa.

Narki na biyu da zubi

Ƙarfen da ya taru a rami bai gama tsarkaka ba, sai an sake narka shi a wuta mai sauƙi. Hikimar ita ce, a zafin da ya ɗan haura digiri 232, kuza kaɗai ke zama ruwa. Duk wani gauraye na baƙin ƙarfe ko tsakuwa yana nan a daskare, sai a kwashe shi a yar. Bambancin wurin narkewa ya zama rariya. Har gobe manyan masana'antun duniya suna amfani da wannan dabara wajen tace kuza. Da Turawa suka auna sandunan a ɗakin gwaji, sun iske tsarkinsu ya haura kashi 99 cikin 100.

Sai zubi, wanda shi ne ya fi komai burge ni a wannan sana'a. Ana yin wani ɗan tudu na yumɓu, a lulluɓe shi da toka mai danshi, a jera tsinkayen ciyawa a ciki a danne, sannan a zare su. Kowane tsinke ya bar siririn rami daidai jikinsa. Sai a ɗebo ruwan ƙarfe da ɗan ludayin duma a kwarara. Ruwa ba shi da siffa tasa, don haka ya bi ramukan ya cika su. Cikin ɗan lokaci ya daskare, a buɗe toka a tsinci sanduna masu sheƙi, a ƙirga ɗari-ɗari a ɗaure.

Kowane mataki a nan da dalilinsa. Busasshiyar toka ba ta riƙe rami, rushewa take yi. Jiƙaƙƙiya sharkaf kuwa haɗari ce, domin ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, kuma tururin da ya rasa hanya zai watso narkakken ƙarfe a fuskar mai zubi. Danshi daidai gwargwado ake so: ya riƙe siffa, ya bar tururi ya sulale ta ƙananan kafofin tokar, ya kuma zuƙe zafi da sauri. Ga wani abin lura: yayin da ƙarfen ke daskarewa, zafinsa yana tsayawa cak a 232, ba ya sauka sai ɗigon ƙarshe ya sandare, domin ƙwayoyin da ke komawa gurabensu suna sakin zafin da suka sha lokacin narkewa. Babban curi yakan daɗe kafin ya fitar da wannan zafi. Siririyar sanda kuwa kusan duk jikinta fata ce, nan da nan take hucewa.

Siffar sandar ta dace da kasuwa ƙwarai. Tana ƙirguwa, tana rabuwa, tana shiga mangalar jaki ba tare da wahala ba. Maƙerin farin ƙarfe a Kano ko Bida da ke son shafe cikin kwanon tagulla don kada ya yi tsanwa ya ɓata abinci, sanda ɗaya ko biyu zai karya ya narka. Algus ma ba ya samun wurin ɓuya a cikinta. Tsantsar ƙarfen kuza idan aka lanƙwasa shi kusa da kunne yakan yi wata 'yar ƙara, saboda jerin ƙwayoyinsa na gocewa a kan juna. Idan an gauraya shi da dalma, ƙarar takan dushe.

Yadda wutar ta mutu

Sana'ar ta sha gwagwarmaya tun kafin Turawa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen da aka yi ta gwabzawa tsakanin Kano da Ningi sun hana kudancin masarautar zama lafiya, kuma da yawa daga masu narkin sun tashi da iliminsu zuwa ƙasar Bauchi. Can suka ci gaba da hura wuta. Abin da yaƙi bai kashe ba, takarda ce ta kashe shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta mayar da ma'adinan ƙasa ƙarƙashin ikonta, ta yanka wa kamfanoni filayen haƙa. Rafukan da mutane suka gada suka zama na masu lasisi. Tanderun da babu ma'adini kuwa tulin yumɓu ne kawai. Ba a daɗe ba wutar ta mutu, jikokin gwanaye suka koma leburori masu ɗaukar kwano a filayen kamfani.

Daga nan aka yi shekaru kusan hamsin ana loda ɗanyen ma'adini a jirgi zuwa Ingila don a narka shi a can. Sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narki ta Makeri a Jos. A Riruwai kuma an haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1970 don bin jijiyar ma'adinin, amma aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985. Yau matasa na ci gaba da haƙa da wanki a yankin, suna sayar da baƙin yashi a buhu, ribar narki tana tafiya wani wuri.

Duniya kuwa ba ta daina neman wannan ƙarfe ba. Kusan rabin kuzan da ake samarwa a duniya yana tafiya ne wajen haɗa dalmar liƙi, wadda ke riƙe da wayoyin cikin kowace salula da kwamfuta. Idan aka haɗa kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, gaurayen yana narkewa a digiri 183, ƙasa da kowannensu shi kaɗai. Gwangwanin madara da na tumatir baƙin ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Gilashin taga ma, tun daga 1959 da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da dabarar, a kan tafkin narkakken kuza ake shimfiɗa shi, domin fuskar ruwa a miƙe take sumul, kuma kuza na zama ruwa a zafin da gilashi ke daskarewa ba tare da ya tafasa ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Irin wannan ido bai ƙare a ƙasarmu ba. Yana wurin mai zubin tukwanen alminiyam da ya san danshin da ƙasar zubi ke so. Yana wurin mai dafa mazarƙwaila a ƙasar rake, wanda ke kallon ruwa yana tashi tururi har ya gane daidai lokacin da za a sauke kafin ta ƙone. Yana wurin yaron da ke gyaran salula a Tudun Wada, da ɗan ƙarfensa mai zafi da zaren dalma. Dukkansu aiki ɗaya suke yi da na magabatan Riruwai: sanin inda abu ke sauya hali, da tsayawa daidai wurin.

Abin takaici shi ne ɗalibi a Kiru ko Doguwa yana haddace darasin daskarewa da narkewa da tururi kamar wani baƙon abu da aka yo masa aro, alhali kakanninsa sun ci abinci da shi. Malamin da ya ɗauko darasin daga ƙwaryar wanki, ya bi da ɗalibansa ta tanderu har zuwa tokar zubi, ya koyar da nauyi da zafi da sauyin hali da haɗuwar sinadarai a zama ɗaya, ya kuma bar yaran da sanin cewa kimiyya gadonsu ce.

Don haka ina kira ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil su tura masu bincike Riruwai, su zauna da dattawa, su rubuta abin da ya rage a bakinsu, su gano wuraren tsofaffin tanderu a killace su. A sake gina tanderu ɗaya bisa siffar da aka rubuta, a hura shi a gaban ɗaliban makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da na yankin, a ajiye damin sandunan da ya fito a Gidan Makama. Gwamnatin Jihar Kano kuma, duk yarjejeniyar da za ta shiga kan ma'adinan Doguwa, ta tsaya kai da fata a kan cewa a nan gida za a narka su, kuma 'ya'yan yankin ne za a koya wa aikin. Mutanen da suka fitar da ƙarfe mai tsarkin kashi 99 da yumɓu da fata da gawayi sun cancanci a san sunan garinsu a kowane aji, jikokinsu kuma sun cancanci fiye da sayar da yashi a buhu.